Muciyar da Ta Tono Ɗan Kunnen Inna

Ƙarar ba ta fi ta faɗuwar ƙwayar wake ba. Mun dawo daga yawon Sallah ke nan, na shiga ɗaki na cire hijabi, sai na ji wani abu ya ce "tis" a kan tayil, ya gangara ƙarƙashin gado. Na durƙusa na laluba na zaro shi. Ɗan maƙalin nan ne da ke riƙe ɗan kunne ta baya. Na kai hannu kunnen dama, na ji ɗan kunne. Na kai na hagu, na ji fata.

Ba don zinare ne ba abin ya dame ni. 'Yan kunnen Inna ne, mahaifiyata. A Makka ta saye su shekarar da ta sauke farali, kuma tun ina yarinya nake ganinsu suna rawa a kunnenta idan tana daka. Ta rasu ba mu daɗe da zuwa Alƙahira ba. Ban ga likkafaninta ba, ban yi zaman makoki ba. Ta waya aka gaya min, ta waya na yi kuka. Daga baya wani ɗalibi da ya je hutu gida ya kawo min su, ƙulle a bakin tsohon ɗankwalinta. Iyakar abin da na mallaka na Inna ke nan a ƙasar nan.

Muka birkice gidan. Gidan ma nawa yake, ɗan ƙaramin bene ne a unguwar Ainu Shams, ba shi da lungun da abu zai ɓuya. Maigidana, wanda nake kira Malam, fiƙihu yake karantawa, kuma mutum ne da duk abin da ya faru sai ya nemo masa babi. Ya ce, "Maman yara, ki yi istirja'i. Abin da ya kuɓuce miki dama ba zai zauna ba." Na yi istirja'i, na ce innalillahi, da zuciya ɗaya kuwa. Amma ban daina nema ba.

Ina kan darduma bayan sallar Magariba na tuna. A ginena ne, wato lambun shaƙatawa na gwamnati, inda muka shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiya kusa da famfo. 'Yata, wadda ko firamare ba ta shiga ba, ta haye bayana tana sukuwa, ta finciki hijabi. Na ji zafi a kunne, na ce mata ta sauka, ban ƙara bi ta kai ba.

Washegari muka koma. Ashe mai kula da ciyawar ya sakar wa wurin ruwa, jama'ar Sallah kuma sun bi sun tattake, gindin bishiyar ya zama caɓi. Muka yi ta tsefe ciyawa da yatsu kamar masu neman ƙwarƙwata. Ba mu samu komai ba sai ɓawon irin nan da Misirawa ke ɓarza kamar ba gobe. Malam ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce, "In yana nan, ƙasa ta haɗiye shi."

A nan Kawu ya shigo maganar. Ba danginmu ba ne, a masallaci suka saba da Malam. Dattijo ne Bahaushen Sudan, kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su aikin Hajji, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gari. Shi kuma yaƙi ya koro shi zuwa Arba wa Nus, wata unguwa a gefen Alƙahira. Da ƙuruciyarsa ya yi haƙar zinare a sahara, kuma a faɗarsa abu biyu ya fito da su daga can, ciwon baya da jihaz. Jihaz ɗin wata na'ura ce mai kama da sandar guragu, da faifai a ƙasa, wadda ke kuka in ta ji ƙarfe a binne.

Ya zo ranar Juma'a bayan an sauko, da jihaz a buhu ɗaya, da wani abu mai nauyi a buhu na biyu. Ya sha shayi, ya yi min ta'aziyyar Inna sabuwa fil, har sai da na share hawaye. Sannan ya zazzage buhu na biyun a tsakar falo. Diga ce. Irin wadda ake fasa dutse da ita.

"Kawu," na ce, "ɗan kunne ne fa, ba rijiya ba."

"'Yata, zinare zinare ne. Shi ba ya son a lallaɓa shi. Sara ɗaya, khalas, an gama."

Malam ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi wa dattijo ba. Ya ce, "Kawu, wannan ai sai ku mutanen duwatsu. Ƙasa mai ciyawa fartanya take so. Ni ɗan manomi ne, kafin in riƙe alƙalami sai da na riƙe ƙota."

"Ya zol," in ji Kawu, wato kai mutumin nan a bakin 'yan Sudan, "yaushe rabonka da ƙota? Dubi hannunka kamar na amarya."

Suka yi ta yi har La'asar, ɗaya na kwatanta sara, ɗaya na kwatanta noma, a kan kafet ɗina. Ni dai ina zaune ina hango ɗan kunnen Inna, ɗan siriri da shi kamar ganyen zogale, a ƙarƙashin waɗannan makamai.

Malam ya rantse sai ya nemo fartanya. Ya shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, ya tafi Wustul Balad, wato tsakiyar birni, ya bi shagunan masu kayan ƙarfe. To shi Malam in ya buɗe baki da Larabci na littafi yake yi, har masu tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu, kan amsa masa da "sadaƙallahul azim". Ya gaya wa mai shago yana neman abin tona ƙasa, mai gajeriyar ƙota. Mai shago ya ce, me za ka tona, ya shek? Malam kuwa ba ya ƙarya ko da wasa. Ya ce zinare.

Shi da kansa ya ba ni labari, yana share gumi. Ya ce mutumin ya leƙa waje, ya leƙa ciki, ya ja shi bayan kanta, ya sa aka kawo shayi. Ya rage murya ya ce, a ina ne? Ƙarƙashin gida ne ko gona? An ga rubutu a jikin dutsen? Yana da ɗan'uwa da ya san masu saye. Malam ya yi ta bayanin ɗan kunnen surukarsa, mutumin na kashe masa ido yana cewa, "Tamam, tamam, ɗan kunne. Mu ma haka muke kiransa."

Mu baƙi ba mu lura ba. A Masar, in mutum ya riƙe abin haƙa ya ambaci zinare, ba abin da ke zuwa ran kowa sai kayan Fir'auna, kuma hukuma ba ta wasa da wannan magana ko kaɗan. Malam ya baro shagon ba fartanya, ya dawo yana waiwaye. A ƙofar metro ya ga na'urar binciken da ake tura jaka a ciki, wadda kullum yake wuce ta bai taɓa kallonta ba, ya tsaya ya hango kansa da diga a buhu da takardar zamansa ta ɗalibi a aljihu. Ko da ya iso gida, bawwab ɗinmu, mai gadin ƙofar bene, wanda ya ga shigar Kawu da buhuna, ya tare shi a matakala yana murmushi ya ce, "Ya shek, in Allah ya buɗa kar a manta da maƙwabta."

Daga ranar diga ta koma Arba wa Nus, maganar fartanya ta mutu. Mazan suka sauko kan wuƙar kicin. Kawu ya ce a wajen masu wannan sana'a a birni haka ake yi, a yanka ciyawa kamar murfin tukunya, a ɗaga, a ɗauki abu, a mayar. Amma ya ce sai an yi gwaji tukuna, don jihaz ya san muryar abin da yake nema. A kawo ɗaya ɗan kunnen a binne.

Na ce a'a. Na ce na rasa ɗaya a hannun ƙaddara, ba zan miƙa ɗayan da hannuna ba. Malam ya lallashe ni, Kawu ya yi alkawari, daga ƙarshe na cire shi ina bismilla, aka tura shi cikin bokitin na'ana'ata da ke baranda. Kawu ya sa abin ji a kunne, ya gilma faifan, jihaz ya yi wani kuka siriri mai daɗi. Ya lumshe ido ya ce, "Allah! Kun ji shi? Shekara da shekaru ban ji wannan murya ba." Malam ya ɗauki wuƙar da nake yanka albasa, ya caka da ƙarfin ɗan manomi.

Na ji ƙarar kafin in gani. Da na wanke ɗan kunnen, ga zane nan a gefensa, fari tas, kamar an ja layi da allura.

Ban yi faɗa ba. Inna ba ta koya min ɗaga murya ga miji ba. Na dai karɓe wuƙar, na wanke ta, na mayar da ita mazauninta, na dawo na ce, "Malam, Kawu, ku yi haƙuri. Daga yau ƙarfe ba zai kusanci kayan Inna ba. Abin tonon ni zan zaɓa." Malam ya shiga kaɗe ƙasar hannunsa. Kawu ma shayinsa ya shiga hurawa, alhali ya huce.

Na shiga kicin na tsaya ina kallon kayana kamar mai zaɓen ragon layya. Ludayin duma na gwada a bokitin, ya tsage. Cokalin roba ya lanƙwashe ya kalle ni. Akwai ɗan shebur na wasa, ja, na 'yata, amma da ta ga na taɓa shi ta kwanta a ƙasa ta yi kukan da bawwab ya aiko a tambayi lafiya. Saura abu guda, kuma tun farko na san shi ne, ina ta kauce masa.

Muciyata. Daga gida na zo da ita, a tsakiyar akwati, naɗe da zani. Itace ne mai tauri, bakinta ya yi faɗi ya yi santsi saboda tuƙi. A duk Alƙahira ban ga inda ake sayar da irinta ba, matan ɗalibai har daga wata unguwa suke aikowa aro ranar suna. Ita zan kai inda kyanwoyi da karnukan titi ke kwana.

Malam ya ga fuskata ya ce, "Ai ba komai, ruwa yana tsarkake ta. Malamai sun yi bayani, ko da kare ne ya..."

"Malam, fiƙihu zai wanke ta. Zuciyata ce ban san me zai wanke ba."

Saura izini. Mazan sun so a naɗe jihaz a darduma a shiga kamar masu zuwa hutawa. Na ce ba za a nemi kayan Inna da ɓoye-ɓoye ba, balle a sa darduma a ciki. Na ɗauki kwando na zuba muciya da rariyar tankaɗe da cokali babba na kwasar ƙasa, ba na tono ba, na tafi ginena da kaina wajen mai kula da ciyawar. Wani tsoho ne siriri mai gashin baki, wanda ke kallon duk mai taka ciyawarsa kamar ya taka masa ɗa. Larabcina na kasuwa ne, na tumatir da albasa. Na nuna masa ɗan kunne, na nuna kunnen da ba komai, na nuna gindin bishiya, na ce, "Ummi. Allah yarhamha." Wato mahaifiyata, Allah ya jiƙanta.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce tasa uwar ma ta rasu, a ƙauye, yana nan yana ba ciyawa ruwa. Ya je ya yi magana da shugaban wurin ya dawo da sharuɗɗa. A zo da hantsi ranar da ba mutane, shi zai tsaya a kanmu, kar rami ya wuce tsawon yatsa, kuma duk ciyawar da aka ɗaga a mayar da ita. Sannan ya binciki kwandona kamar ma'aikacin filin jirgi. Cokalin ƙarfe ya ajiye gefe ya ce, "La'." Ya ɗaga muciya yana juya ta, ya ce wannan fa? Na kwatanta masa tuƙin tuwo, har da murguɗa kafaɗa. Ya yi dariya har haƙoransa biyu suka fito, ya ce wannan ta wuce.

Ranar muka ɗauki tasi. Kawu ya sha farar jallabiya da rawani, ya sa abin ji a kan rawanin, yana tafe yana lilo da faifai a kan ciyawa kamar mai shara a hankali. Malam na biye da shi a durƙushe da muciya. Ni ina baya da rariya. 'Yata na zagaye mu da shebur ɗinta, wanda yanzu ta yarda ya fito amma ba ta yarda a taɓa ba.

An ce ba mutane da hantsi. A Alƙahira babu wannan lokaci. Wasu tsofaffin mata biyu da ke kan benci suka matso. Ɗaya ta tambayi mai ciyawa ko sihiri ake tonewa. Ya ba su labari, suka dafe ƙirji suka ce "ya habibti", suka zauna daf da ni, daga nan kuma suka karɓi ragamar aikin. Hag suke ce wa Kawu, wato alhaji. Dama, ya hag! A'a, hagu! Mai sayar da shayi ya zo, wani mai yawo da jarida ya zo, kowa da inda yake ganin ɗan kunne ya faɗi, alhali ba wanda yake nan ranar.

Jihaz ya yi ta kuka. Malam ya tura muciya ya ɗago ƙasa, in tankaɗe. Murfin lemo. Wani murfin lemo. Ƙusa. Makulli. Da muka tono wani tsohon kwabo sai Malam ya dakata, ya ce wannan tsintuwa ce, kuma tsintuwa tana da hukunci, sai an yi cigiya. Ya miƙe tsaye da taɓo a gwiwa ya ɗaga shi yana tambayar jama'a da Larabcin littafi ko akwai mai shi. Ɗaya tsohuwar ta ce nata ne, ta yar da shi tun tana budurwa. Kawu ya ce, "Ya zol, in kowane murfin kwalba sai ka yi masa huɗuba, a nan za mu yi Babbar Sallah." Aka shirya a kan a tara komai a hankicin mai ciyawa, shi ya san yadda zai yi da su.

Rana ta ɗaga. Muciya ba ta yanka, sai dai ta tura, ga saiwoyin bishiya sun sarƙe ƙasan. Na ga Malam na haki, na ga ya saci kallona, ya saci kallon mai ciyawa, ya matsa kusa da faifan yana gyara zama. Sai jihaz ya kurma wani ihu da bai taɓa yi ba. Kawu ya zabura ya cire abin ji yana sosa kunne. Ya gilma faifan a ciyawa, shiru. Ya gilma shi a gefen Malam, ihu. Ya sake, ihu.

"Ustaz," in ji Kawu, "ko dai kai ne ma'adinin?"

Malam ya sa hannu a aljihun jallabiya a hankali ya fito da sukundireba. Ya ce ya zo da ita ne saboda larura, kuma larura tana da nata hukunci. Mai ciyawa bai san Hausa ba amma ya gane komai. Ya miƙa hannu, Malam ya ba shi, ya soke ta a aljihun gaba kamar alƙalami. Tsofaffin nan suka yi ta dariya har ɗaya na tari. Ni na sunkuyar da kai, don bai kamata a ga mace na yi wa mijinta dariya a bainar jama'a ba, amma rariya sai rawa take a hannuna.

Daga nan abin ya daina ba ni dariya. Mun kewaye bishiyar saura kaɗan, hankici ya cika da tarkace, Kawu ya fara dafe baya. Na fara gaya wa zuciyata cewa wataƙila a metro ya faɗi, wataƙila wani yaro ya tsinta, Allah ya sa ya amfane shi. Ina cikin karanta abin da ya sawwaƙa sai na ga Kawu ya tsaya cak, daf da bakin famfo, inda ban zaci tabarmarmu ta kai ba. Ya lumshe ido. Ya nuna wurin da babban yatsan ƙafarsa.

Wata saiwa ce mai kauri ta gitta a wurin. Malam ya tura bakin muciya ƙarƙashinta, ya danna. Ta ƙi. Ya ce bismillahi, ya hau ta da nauyinsa duka. Na buɗe baki in ce a hankali, sai na ji "ƙaras". Muciyata ta rabu biyu, Malam ya zauna daɓas a cikin taɓo, wani curin ƙasa ya yi tsalle ya faɗo kusa da ƙafata.

Na ɗauka na sa a rariya, na murza da yatsu. Ƙasa ta zube. Wani abu ya rage, baƙi ƙirin da laka. Na kai shi famfo.

Ko ƙwarzane babu. Yana nan yadda Inna ta bar shi.

Ban san lokacin da goshina ya kai ciyawa ba. Ina sujada ina jin tsofaffin nan sun saki guɗa, irin tasu mai kaɗa harshe, mai shayi na ta kabbara, Kawu na gaya wa duk mai saurare cewa wannan ne zinare na farko da jihaz ɗin nan ya taɓa fitarwa aka kai gida. Da na ɗago, mai ciyawa ya juya baya yana gyara tiyo, ya daɗe yana gyarawa. Sannan ya juyo ya tsare Malam, sai da ya mayar da kowane ɗan curin ciyawa mazauninsa ya danna da tafin hannu, kafin ya ba shi sukundirebarsa.

Na tattara gutsuren muciya biyu na sa a kwando. Malam ya ce zai sa a kawo min wata daga gida. Kawu ya ce da an bi shawararsa da tuni an gama, kuma diga ba ta karyewa. Muka nufi bakin titi neman tasi.

A tasi na ƙulle 'yan kunnen biyu a bakin hankici, na riƙe a tafin hannu na damƙe. 'Yata na kan cinyata, ta gaji, ƙafafunta duk laka. Ta yi ta ƙoƙarin buɗe yatsuna har na bar ta ta leƙa. Ta tambaye ni na wane ne. Na ce na Inna ne, kakarta, da ta rasu ta bar min. Ta yi ta taɓa su da ɗan yatsa har muka wuce gadar sama. Sannan ta ɗago ta dube ni da fuskar manya.

"Umma, ashe nawa ne in kin tsufa. To khalas, ki daina zuwa min da shi ginena."